In Banki Ya Yi Kuskure da Takardunmu, Wa Ya Kamata Ya Biya?

Babu malamin firamare a wannan reshe da bai taɓa miƙa wa banki tarihin rayuwarsa a cikin fayil ba. Ranar buɗe asusun albashi an karɓi hoton fasfo, da kofin katin zaɓe ko na ɗan ƙasa, da takardar ɗaukar aiki, da lambar waya, da adireshin gida, da sunan mahaifiya, da sunan magaji. Ranar rajistar BVN an ɗauki hoton yatsunmu da na fuskarmu. Wanda ya nemi bashin albashi kuwa an ƙara masa da takardar tabbatar da aiki, da takardun albashi na wasu watanni, da takardun abokan aikin da za su tsaya masa. Idan aka haɗa waɗannan wuri guda, banki ya san abin da maƙwabcinmu na shekara 20 bai sani ba game da mu. Ya san nawa muke samu da nawa ake bin mu, ya san shekarar da za mu ajiye aiki, ya san wanda zai gaje mu.

Ba don sha'awa muka ba da waɗannan bayanai ba. Tun da aka daina biyan albashi a hannu, a kan tebur, a gaban akawun hukumar ilimi, asusun banki ya zama ƙofa ɗaya tilo da haƙƙinmu ke biyowa, kuma malami ba shi da ikon cewa ba ya so. Abin da mutum ya ba da don a ajiye masa sunansa amana, kuma duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ko na Kirista ya san nauyin wannan kalma. Matsayinmu a wannan rubutu shi ne, takardunmu da bayananmu amana ne a hannun banki. Idan banki ya yi sakaci da su, shi ya kamata ya ɗauki wahalar gyara da kuɗin gyara. Kuma lokaci ya yi da ƙungiyarmu za ta riƙe wannan batu da hannu biyu, kamar yadda take riƙe batun ƙarin girma da kuɗin hutu.

Mu fara da kuskuren da ya fi yawa, wato na suna da ranar haihuwa. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri a boko. Muhammad ɗaya ne a baki, amma a takarda yakan zama Mohammed, ko Muhammed, ko Muh'd. A'isha takan koma Aisha ko Aishatu, Usman ya koma Othman. Wani tun daga firamare sunan garinsu ne yake zaune a gurbin sunan mahaifi. Wata ta yi karatu da sunan mahaifinta, aka ɗauke ta aiki da shi, sannan aka buɗe mata asusu da sunan miji. Ma'aikacin banki da layi ya cika gabansa yakan shigar da abin da idonsa ya saba gani, ya bar abin da ke jikin takarda. Ya sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka, ko ya juya rana da wata, 3 ga watan 7 ta koma 7 ga watan 3, ko ya danna 1987 maimakon 1978. A wurinsa aikin daƙiƙa biyu ne. A wurin malami kuwa shekara tara ce aka yanke daga rayuwarsa ba tare da saninsa ba.

A da, irin wannan kuskure yakan kwanta cikin fayil shekara da shekaru bai cutar da kowa ba. Yanzu bayananmu sun zama sarƙa, kowane zobe riƙe da ɗan'uwansa. A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke ɗaure duk asusun mutum a bankuna daban-daban da yatsunsa. A watan Disambar 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta hukumar NIMC. A watan Disambar 2023 kuma Babban Banki ya wajabta haɗa asusu da BVN da NIN, ya ce daga 1 ga Maris, 2024 za a hana cire kuɗi daga asusun da bai cika sharaɗin ba. Tun daga nan harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin rumbun banki da rumbun NIMC ya isa ya sa kwamfuta ta ce wannan mutum ba wancan ba ne.

Mu malamai abin ya fi yi mana ciwo saboda tantancewa. Duk lokacin da gwamnati ta tashi neman ma'aikatan bogi, da bayanan BVN ake gwada abin da ke cikin fayil ɗinmu na SUBEB da na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Malamin da ya yi shekara 15 yana shan ƙurar alli sai ya ga sunansa cikin jerin waɗanda ake shakka a kansu, an riƙe albashinsa har sai ya wanke kansa. Haka abin yake ga waɗanda ke cikin tsarin fansho na adashi, domin kamfanin fansho ba ya sakin kuɗi sai suna da ranar haihuwa sun dace a ko'ina. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a inda aka amince da ita, ita ma a kan ranar haihuwa ta dogara. Ga kuma ƙa'idar Babban Banki cewa sau ɗaya tak ake canza ranar haihuwa a BVN. Wato idan ma'aikaci ya yi kuskure, damar malami ɗaya tilo ce za a ƙone wajen share shi.

To, wa ke biyan kuɗin gyaran? Kowa a cikinmu ya san amsar. Malami zai je banki, a ce ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Ya kawo, a ce sai ya buga sanarwa a jarida. Ya kawo, a ce matsalar daga NIMC take. Ya je can, a ce bayanansa daidai suke, ya koma banki. Ya dawo, a ce babu sabis, ya zo gobe. Wanda yake koyarwa a ƙauye kowace tafiya kuɗin babur ce da kuɗin mota da na abinci, kuma kowace tafiya yini guda ne da ajinsa ya zauna ba malami. Idan jami'in sa ido ya zo ya tarar ba ya nan, takardar tuhuma ce ta biyo baya. A ƙarshe kuma fom ɗin da za a ba shi ya cike yana cewa ne shi ke roƙon a canza masa bayani, kamar shi ya sauya sunansa. Kura ta ci akuya, an kama makiyayi an ce ya biya kuɗin wanke bakinta.

Kuskure na biyu shi ne yadda ake ajiye takardun kansu. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar jira ya ga fom-fom na buɗe asusu jibge a kan tebur, hoton fasfo a sama, lambar waya da sa hannu a fili, kowa na wucewa yana kallo. An ga inda ake juya kofin katin wani a rubuta wa wani lambar asusu a bayansa. An ga inda aka ce fayil ya ɓace, a sake kawo takardu, ba tare da wani ya damu ya faɗi inda na farkon suka shiga ba. Takarda ba ta narkewa. Idan ba ta cikin ɗakin ajiyar banki, to tana wani wuri, kuma mun san inda tsofaffin takardun ofisoshi kan ƙare a garuruwanmu: a bola, ko a hannun masu sayen tsofaffin takardu, daga nan su zama abin naɗe ƙosai da gyaɗa da tsire.

Na uku ya fi kusa da mu, domin har ofishin malamai yake biyo mu. Ma'aikatan da bankuna ke turowa tallar bashin albashi da buɗe asusu sukan zo makaranta lokacin tara, su raba fom, su ɗauki hoton katunanmu da takardun albashinmu da wayarsu ta kansu, su tura ta WhatsApp. Bashin ya fito ko bai fito ba, hotunan suna nan cikin wayar. Gobe yaron ya bar aiki, ko ya sayar da wayar, ko a sace ta, ko ya kai ta gyara. Babu wanda zai iya faɗa mana hannu nawa takardar albashin malama guda ta ratsa. Kuma mafi yawan wanda abin ke shafa shi ne mai tsaya wa wani, wanda bai karɓi ko kwabo ba, ya ba da takardunsa ne kawai don zumunci.

Kada a ɗauka waɗannan takardu ba su da daraja don albashinmu kaɗan ne. Ɗan damfara da ya riƙe cikakken sunanka, da ranar haihuwarka, da sunan mahaifiyarka, da bankin da kake hulɗa da shi, ya riga ya ci rabin hanya. Zai kira ka da murya mai ladabi, ya karanto maka waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce daga hedikwata yake, za a rufe asusunka idan ba ka faɗi lambar da aka turo maka yanzu ba. Mutane suna yarda ne saboda ya san abin da banki kaɗai ya kamata ya sani. Da takardun wani ana iya buɗe asusun da za a riƙa karɓar kuɗin sata, ranar da bincike ya tashi kuma sunan mai takardun ne zai fito. Ana iya cin bashi da su. Tun daga watan Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya kwashi kuɗin bashin da aka kasa biya daga asusun mutum na wasu bankuna. Akwai kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, waɗanda bankuna ke tuntuɓa kafin su ba da rance. Idan aka liƙa wa malami bashin da ba nasa ba, ko aka manta ba a share wanda ya gama biya ba, zai iya rasa kuɗinsa, ya kuma rasa sunansa na kirki a wurin da bai ma san ana ajiye sunansa ba. Cewa bayanan jama'a sun zama haja ba zato ba ne. A tsakiyar 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da NIN da BVN, a kan Naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma kasuwar da ke da masu saye ba ta rasa masu kawo kaya, kuma kowace takarda da aka yasar kaya ce.

Akwai wata ɓarnar da ba a lissafa ta da kuɗi, ita ce tonon asiri. Bahaushe idan yana addu'a rufin asiri yake roƙa, kuma malamin firamare ya fi kowa sanin ma'anar wannan roƙo. Ma'aikaci ya ɗaga murya a kan kanta ya faɗi abin da ya rage a asusunka, alhali uban ɗalibinka na tsaye a bayanka. A shigar da lambar waya ba daidai ba, saƙon albashinka ya riƙa sauka a wayar wani baƙo duk wata. A ci gaba da tura saƙo zuwa tsohon layin da ka riga ka rubuta cewa ka daina amfani da shi, alhali kamfanin waya ya sake sayar wa wani. A kira shugaban makaranta ko ɗan'uwa a faɗa masa ana bin ka bashi, ba tare da shi ne ya tsaya maka ba. Ko wani ya zo ya ce shi mijin malama ne ko yayanta, a buɗe masa bayanin asusunta don an san shi a gari. Irin wannan ya isa ya haddasa rigima a gida, ya zubar da girman da mutum ya yi shekaru yana tarawa.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su ji ba shi ne, doka tana tare da mu a wannan magana. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC. Dokar ta ce duk mai karɓar bayanan mutane ya karɓi iya abin da yake buƙata, don manufar da ya bayyana, ya tabbatar bayanan daidai suke, ya tsare su, kada kuma ya riƙe su fiye da lokacin da ya dace. Ta ba mai bayanai ikon ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya nemi a share abin da babu dalilin ci gaba da riƙe shi, ya kuma ƙi a yi amfani da lambarsa wajen talla. Idan bayanai suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da Hukumar cikin awa 72, idan haɗarin babba ne kuma a sanar da mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Manyan masu riƙe bayanai dole su naɗa jami'i na musamman mai kula da wannan aiki. Tararsu tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Wanda aka cutar kuma yana da damar zuwa kotu ya nemi diyya. Har ila yau dokar ta ware wasu bayanai ta ce suna buƙatar tsaro na musamman, cikinsu akwai hoton yatsu, da lafiyar mutum, da addininsa, da kasancewarsa ɗan ƙungiyar ƙwadago. Takardar albashin da ke nuna an cire mana kuɗin NUT tana ɗauke da irin wannan bayani.

Dokar kuma ta fara cizo. A watan Agustan 2024 Hukumar NDPC ta sanar da cin tarar bankin Fidelity Naira miliyan 555.8, bayan binciken da ta ce ya samo asali ne daga koken mutum guda, wanda ya yi zargin an yi amfani da bayanansa an buɗe asusu ba da izininsa ba. Bankin ya musanta cewa ya karya doka. Ba mu ne alƙalan wannan shari'a ba. Abin lura a gare mu shi ne, koken mutum ɗaya da aka rubuta aka kai inda ya dace ya isa ya sa hukuma ta buɗe littattafan babban banki.

Adalci ne mu ji ta bakin bankuna. Za su ce doka ce ta tilasta musu karɓar waɗannan takardu, kuma gaskiya ne, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta musu sanin abokin hulɗarsu da ajiye bayanansa aƙalla shekara biyar. Za su ce wasu mutane da kansu suke da ranar haihuwa biyu ko uku a takardu daban-daban, kuma tsananin da ake yi wajen canza suna don kare asusu ne daga ɓarayi. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma dokar da ta ce a karɓa ba ta ce a yasar ba, wajabcin ajiyewa ma ƙarin nauyi ne a kan mai ajiya. Rarrabe kuskuren abokin hulɗa da na ma'aikaci kuwa ba shi da wuya. Fom ɗin da malami ya cike da hannunsa ranar farko yana wurin banki. A fito da shi. Idan abin da ya rubuta daidai ne, abin da aka shigar a kwamfuta ne ya saɓa, to babu dalilin tura shi kotu ya rantse a kan laifin da ba nasa ba. Idan kuma banki ya ce ba ya iya gano fom ɗin, ya amsa laifi na biyu da bakinsa.

Ba kuma yaran da ke zaune a kan kanta muke nufi da wannan magana ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne da ɗalibanmu na jiya, ma'aikatan kwantiragi ne da aka ɗora wa adadin asusun da za su kawo kowane wata, ba a ba su na'urar aiki ba, ba a ba su isasshen horo ba. Wanda aka ce ya kawo asusu ɗari ko a sallame shi, da wayarsa zai ɗauki hoto, kuma da gaggawa zai shigar da suna. Laifin na tsarin da ya fifita yawan asusu a kan amincinsu ne, kuma masu tsara shi suna sama.

Mu malamai mun san ma'aunin da ake auna mai riƙe bayanan wani, domin da shi ake auna mu. A hannunmu rajistar shiga makaranta take, da sunayen yara da ranakun haihuwarsu da sakamakon jarrabawarsu. Idan sunan yaro ya fito ba daidai ba a takardar kammala firamare, ba a cewa uban ya je kotu, shugaban makaranta ake kira ya yi bayani. Idan rajistar aji ta ɓace, malamin ajin ne zai amsa tambaya. Ma'aunin da aka ɗora wa mai karɓar albashin mataki na bakwai bai kamata ya gagari kamfanin da ke sanar da ribar biliyoyin Naira duk shekara ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe da na jiha su yi amfani da ƙarfin da ke hannunsu. Malami ɗaya a gaban manaja mai roƙo ne, amma ƙungiyar da 'ya'yanta ke da dubban asusun albashi, waɗanda kuɗi ke shiga duk wata, babbar abokiyar ciniki ce da kowane banki ke zawarci. Duk bankin da ke son a buɗe masa ƙofar makarantunmu, ko a sa hannu a yarjejeniyar bashi da shi, ya amince da waɗannan sharuɗɗa a rubuce. Na farko, kuskuren da aka tabbatar daga banki ya fito, banki ne zai gyara shi cikin wa'adin da aka ƙayyade, ba tare da takardar kotu ko ta jarida ba, ya kuma ba malami wasiƙar da zai nuna wa kwamitin tantancewa. Na biyu, duk takardar da aka karɓa a ba da shaidar karɓa mai hatimi da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. Na uku, a daina ɗaukar hoton takardunmu da wayar ma'aikaci ta kansa, kuma duk mai zuwa talla makaranta ya zo da wasiƙar reshen bankinsa da katin shaidar aiki. Na huɗu, idan ba a ba da bashi ba, a mayar wa mai nema da masu tsaya masa takardunsu, ko a ba su shaidar an lalata su, sai abin da doka ta wajabta ajiyewa. Na biyar, kowane banki ya ba ƙungiya hanyar da za a riƙa samun jami'insa mai kula da kare bayanai.

Ban da wannan, muna ba da shawarar reshe ya buɗe littafin koke na musamman, ya ɗora wa mutum ɗaya cikin shugabanni alhakin kula da shi. A rubuta ranar da abu ya faru, da irin kuskuren, da kuɗin da aka kashe, da kwanakin da aji ya rasa malami. Koke ɗaya ana iya kiransa tsautsayi, amma koke 50 iri ɗaya a kan reshen banki ɗaya hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban Babban Banki da Hukumar NDPC. Littafin nan shi ma a kulle shi, kada a rubuta lambar BVN ko ta asusun kowa a cikinsa, kuma kada a riƙa tura jerin sunaye da lambobin asusu a zaurukan WhatsApp da sunan sauƙaƙa aiki.

Kafin ƙungiya ta kammala nata, akwai abin da kowannenmu da iyalinsa za su iya yi tun daga wannan mako. A ɗauko takardar ɗaukar aiki, da takardar NIN, da bayanan BVN, da na fansho, a jera su a gwada suna da ranar haihuwa harafi da harafi, tun ranar tantancewa ba ta zo ba. Mai son ganin lambar BVN ɗinsa ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, ta NIN kuma *346#. Duk kofin takardar da za a miƙa, a rubuta a jikinsa dalilin bayarwa da kwanan wata, don kada a sake amfani da shi a wani wuri. Kada a sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce za a ƙarasa a ofis. Wanda zai tsaya wa wani ya san adadin bashin da wa'adinsa, ya kuma riƙe kofin abin da ya sa wa hannu. Wanda layinsa ya ɓace ko ya canza shi, ya rubuta wa banki a ranar. Dokar 2017 kan tarihin bashi ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, a nema a duba. A kuma faɗa wa mutanen gida, musamman iyaye da 'yan fansho, cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa a waya, ko da mai kiran ya san sunan kakarsa.

Idan kuwa abu ya riga ya faru, kada a tsaya ga magana da baki a kan kanta. A rubuta wasiƙa zuwa ga manaja, a yi kofi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a ɗaya, a nemi lambar koke. Idan wa'adin da Babban Banki ya gindaya ya wuce, wato mako biyu, ko kwana 30 ga wasu irin koke-koke, sai a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Idan batun fitar da bayanai ne ko amfani da su ba da izini ba, a kai wa Hukumar NDPC. A kawo wa reshe kofi.

Muna roƙon a sa wannan batu cikin jadawalin taron reshe mai zuwa, kuma duk wanda ya taɓa shan irin wannan wahala ya zo da takardunsa, mata da maza, masu aiki da waɗanda suka ajiye. Albashin malami kaɗan ne, bai kamata a ce daga cikinsa ne za a riƙa biyan kuɗin sakacin wasu ba. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu gama aiki lafiya, mu karɓi haƙƙinmu da sunan da iyayenmu suka raɗa mana.